Rasuwar Hajiya Ummul Khairi, Wadda Ta Tambaye Mu Dalilin Ƙin Cin Abinci

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Raunin Laka ta Damagaram ta samu labarin rasuwar Hajiya Ummul Khairi Tahiru, ma'aikaciyar gashin ƙashi kuma mai ba ƙungiyarmu shawara kan lafiya, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Litinin a gidanta da ke Zango bayan gajeruwar jinya.

Marigayiya ta san mu ne a wani taron suna a Mirriya, inda ta lura cewa 'yan ƙungiyarmu da suka zo bisa kekunansu sun mayar da kwanukansu ba su taɓa ba. Ta yi ta bin mu gida-gida da tambaya har muka faɗa mata abin da muke ɓoye wa iyalanmu ma: wanda lakarsa ta samu rauni sau da yawa ba ya jin zuwan bayan gida, don haka muka saba barin ci da sha tun jajibirin kowace fita, ta Juma'a ko ta biki, gudun jin kunya cikin jama'a. Ita ta fahimtar da mu cewa wannan dabara tamu ƙara busar da ciki take yi.

Daga bisani ta karanta labarin wata 'yar na'ura mai batir da ake manna wayoyinta a fatar mara, tana aika ɗan kuran, wato wutar lantarki mai sauƙi, don motsa naman ciki ya taimaki hanji. Da amincewar likitoci ta fara gwada ta a ɗakin ƙungiyarmu duk Laraba, bayan ta fara ɗana ta a jikinta, kuma ba ta taɓa kiran ta magani ba. Malam Ɗanladi, tsohon ɗan kabu-kabu, ya koma zuwa masallacin Juma'a da karin kumallo a cikinsa, amma Malama Talatu ta Dogo ba ta ga wani canji ba, kuma lamarin Talatu ne ya fi ɗaukar hankalin Hajiya. Ko wurin da raunin yake ne, ko daɗewarsa, ko furar da aka saba sha? Ta rasu ba ta samu amsa ba, mu ma ba mu da ita.

A madadin Shugaban ƙungiya, Alhaji Muntari Sule, da ɗaukacin kwamiti, muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, Alhaji Safiyanu Rashid, da 'ya'yanta da abokan aikinta, tare da roƙon Allah Ya gafarta mata, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba su juriyar wannan babban rashi.

Ya zama dole mu sanar da jama'a cewa marigayiya ita kaɗai ce macen da ta iya wannan aiki, kuma matanmu ba za su buɗe mara a gaban namiji ba, shi ya sa tun kwanciyarta suka daina zuwa, wasu ma sun koma yunwar jajibiri. Kwamiti na roƙon duk wata ma'aikaciyar lafiya ta Damagaram da za ta iya ba mu yini guda a mako ta zo ta karɓi aikin. Kafin a samu, Malama Talatu ta nemi a ba ta makullin ɗakin, kuma an ba ta. Za ta riƙa buɗe shi duk Laraba tana jiran wadda za ta zo.

Nura Suma'ila
Kakakin Ƙungiyar Masu Raunin Laka ta Damagaram