Kwalaben Sivi Kamak

Litinin, 6 ga Nuwamba

Taro yau ma. Plamen, gwanin ƙididdiga da ƙungiyarmu ta agaji ta kawo daga Sofiya, babban birnin ƙasa, ya haska zanensa a bango. Sanduna ja, sanda ɗaya koriya. Koriyar ita ce Sivi Kamak, ƙauyen da nake kai wa miya a kwalabe duk Alhamis shekara goma sha ɗaya. Wai ya tambayi tsofaffi tara da suka rage can ko suna buƙatar taimako, duka sun ce a'a. Don haka daga Disamba za a soke zuwa can. Kwamiti har da tafi.

Talata, 7 ga Nuwamba

Na sami shugabarmu Nevena a ofis. Na ce, "Haba Nevena, wace tsohuwa ce za ta dubi baƙo mai gemu da takarda ta ce masa tana jin yunwa? Ai ko mutuwa take yi sai ta dafa masa kofi." Ta ce, "Radka, kawo mini lamba, ihu ba ya shiga rahoto." Lamba! Ni direba ce. Na banko mata ƙofa na fita.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Sivi Kamak. Na tambayi Kaka Tsonka abin da ta faɗa wa mutumin. Ta ce, "Me zan ce masa, 'yar nan? Ga maƙwabciyata Ginka tsaye a bakin shinge ta baza kunne kamar jaki." Ta miƙo mini kwalbar makon jiya a wanke, ba komai ciki, tana kallon takalminta. Alhali mutane ne da kwalba ba ta fita gidansu wayam. Ko ƙwai, ko zuma, ko busasshen tuffa sai an jefa ciki, in ba haka ba abin kunya ne. Ban iya gaya mata zancen Disamba ba.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Koriyar sandar nan ta hana ni sakat. Tir.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Na fito da littattafan hanya. Tun farko nake rubuta abin da kowa ya sako a kwalba, don kawai in san wa zan yi wa godiya. Shekara biyu baya, babu kwalbar da ta dawo wayam. Bara biyu, wani lokacin uku. Watan jiya bakwai cikin tara, wato abin sakawar ma ya ƙare musu. Na ƙirga sau uku don na ƙi yarda. Ni da nake zuwa duk mako ban lura ya kai haka ba, ina can ina zagin Plamen.

Talata, 14 ga Nuwamba

Na sa rula na zana yawan kwalaben wayam a takardar lissafi, ya fito a karkace. Na ajiye wa Plamen a tebur. Ya ce, "Wannan kuma fa, Anti Radka?" Na yi masa bayani. Kunnuwansa suka yi ja. Ashe kakarsa ma ba ta mayar da kwalba wayam, ya manta ne. Amma bai fasa halinsa ba, sai da ya ce in rubuta watanni a ƙasa, in sa suna a sama, in fara daga sifili. Haushi ya kama ni, don ya fi kyau da na gyara.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Shekara goma sha ɗaya ina magana ba mai ji. Layi ɗaya ya hau sama a bango, kwamiti ya kasa kunne. Ba za a soke ba. Nevena ta rungume ni. Ban so ba.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Ba wai na koma son zane ba ne. Rular dai tana cikin mota, kuma na buɗe shafi don ƙauyukan da nake zuwa ran Talata, haka kawai.

Ginka ta baza labari, duk ƙauyen ya san an haska kwalabensu a birni. Yau duka tara sun dawo da wani abu. Ta Kaka Tsonka ɗan sili ɗaya na tafarnuwa ne, ta naɗe shi a takarda. Ta ce, "Rubuta cewa da abu a ciki." Na zauna a mota da biro a hannu har injin ya huce, ban san layin da zan sa shi ba, na wayam ko na masu abu a ciki.