Na Ɗora wa Abokina Dutsen Matattu Yana Raye

Malama Siddiƙa, don Allah ki taimake ni, abin da na yi shekara arba'in ina nema na samu, kuma shi ne ya raba ni da abokina.

Ni malamin makaranta ne a unguwar Gomari, shekarata hamsin da huɗu. Asalina daga kudancin Borno nake, kuma bayan ƙauyenmu akwai wani dutse miƙaƙƙe kamar bango, ba a hawansa sai da yatsu da igiya. Tun muna firamare ni da Yoila muka yi alkawarin za mu hau shi tare. Karatu ya kawo mu Maiduguri, aiki da aure suka riƙe mu, sannan rikici ya hana mu zuwa gida shekara da shekaru. Da hanya ta buɗe, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Yoila.

Na ce to, ni zan hau mana. Kin san garin nan shimfiɗe yake kamar tabarma, ko tudun kirki babu. Shekara uku ina lilo a reshen darbejiya da sassafe, ina hawan katangar wani kango, har maƙwabcina Ba'ana yana ce mini tsoho ya koma biri. Duk hutu ina Jos ina koyon ɗaurin igiya wurin masu hawa. Sau biyu na gwada dutsenmu na sauko daga rabi, gwiwata a kumbure. Watan jiya, a karo na uku, na kai ƙoli. Na zauna na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

A can sama akwai tarin duwatsu. Al'adarmu ce duk wanda ya hau ya ɗora ɗaya, idan kuma yana da nasa wanda bai samu hawa ba, ya ɗora masa na biyu. Haka na sani, don ina ɗan shekara goma sha huɗu na bar ƙauye. Sai na ɗora biyu, na ɗauki hoto, na tura zauren 'yan garinmu na waya, na rubuta cewa na biyun na Yoila ne. Ashe na biyun na wanda ya mutu ne kawai. Kafin in sauko, mutane sun fara kiran matarsa Phebe suna yi mata ta'aziyya. Wata gwaggonsa ta kira wayarsa tana kuka, shi da kansa ya ɗauka.

Na je gidansa sau biyu. Phebe ta tare ni a ƙofa, ba ta zage ni ba, ta dai ce ya ce ai na riga na binne shi, me kuma na zo nema. Na tura masa dogon bayani, bai amsa ba. Malama, jikinsa ƙara rauni yake, ina tsoron ya tafi da wannan a ransa. Likita ya ce gwiwata ba za ta sake ɗaukar hawa ba, amma ina tunanin in koma in sauko da dutsen. Ko hoton ba na iya kallo yanzu. Me zan yi?

Mai baƙin ciki, Gomari

Malam, sannu da wannan nauyi. Da farko ina taya ka murna, hawan nan ba ƙaramin abu ba ne a shekarunka, kuma niyyarka mai kyau ce. Amma ka tsaya a inda Yoila yake kwance. Mutumin da wataƙila kullum yake zargin mutane sun fara mantawa da shi, sai ga ta'aziyyarsa a kunnensa, kuma daga hannun amininsa ta fito. Yana da haƙƙin yin fushi.

Zan tambaye ka abin da ba ka faɗa ba. A shekara ukun nan da kake Jos duk hutu, sau nawa ka zauna a gefen gadonsa? Ka tambaye shi ko yana so ka hau ba tare da shi ba? Ina jin ciwon ya girmi ranar hoton.

Kada ka koma dutsen, karya gwiwa ba ban haƙuri ba ne. A zauren da ka yi kuskuren, nan za ka fara gyarawa: ka rubuta a fili cewa jahilcinka ne, Yoila yana raye, masu ƙaunarsa su je su gaishe shi. Ka daina tura bayani, ya riga ya san ba da gangan ka yi ba. Ka nemi wani dattijon garinku ko na cocinku ya raka ka. Idan aka bar ka ka shiga, ka ce ka yi laifi, ka yi shiru ka ji duk abin da zai faɗa. Batun sauko da dutsen kuwa, ka bar masa ya yanke, matasan ƙauye za su iya hawa.

Idan aka sake mayar da kai daga ƙofa, ka dawo mako mai zuwa, da na bayansa. Ba a yanke ƙauna ga mai rai, kuma abin da yake jira ya gani daga gare ka ke nan. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zukatanku, ya sa ku sake zama a tabarma ɗaya.

Siddiƙa