Allura ta Uku

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai ɗan rawar sanyi da ba a rasa ba.

Zuwana bana ba zai yiwu ba. Na shiga gwajin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na manya. Wasu wata-wata ake musu allura, ni kuwa ta ukun sai bayan wata shida. Daga nan a kifa mini kofi cike da sauro masu ɗauke da cutar a hannu su cije ni, a ga ko allurar ta yi aiki.

Za ki ce na haukace. Amma a cinyarki zazzaɓin nan ya ɗauke Autarmu.

Ki sa ni a addu'a. In Inna ta tambaya, ki ce kullum cikin gidan sauro nake kwana.

Ƙaninki