Agwagin da Sunka Riga Ni Zuwa Gida

Zuwa ga Yaya Tsahara, Tsarnawa.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aikin lambu? Ya ƙafar Inna? Ki gaishe min da yara.

Ni lafiya lau nike nan Faransa, kada Inna ta damu. Sanyi kam akwai shi, yatsuna kan ƙi tanƙwasuwa da safe, amma an ba ni riga mai kauri.

Na samu aikin gyaran hanya a wata fadama da anka keɓe ma tsuntsaye. Yaya, cikin sanyin nan mutane ka zuwa, su laɓe a bukkar katako suna kallon tsuntsu da madubin hange, ba mai ko tari. Ranar farko da na ga garken tsuntsaye ya sauka, ban san sa'adda na tafa hannu na yi kuwwa ba, kamar muna tsaron gero. Duk sunka tashi. Kunya kamar in nutse!

Wata tsohuwa cikin masu kallon ta yi dariya, ta tambayi ƙasarmu. Da na ce Nijar, ta ce wasu ƙananan agwagin fadamar tun kaka sunka tafi wajenmu, sai bazara su komo.

Takarduna ba su fito ba, bana ma ba ni zuwa. Don Allah in kin ga agwagin daji a tabkin bayan gari, ki hana yara harbinsu da danƙo. Daga wurina sunka taso. A bar su su sha ruwan gida a madadina.

Allah shi sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Lawali