Buhunan Gishirin Surukina Suna Narkewa a Filin Barikinku

Zuwa ga Kwamandan sojojin da ke sintiri a yankin masana'antu na Challawa,

Assalamu alaikum, Yallaɓai. Ina gaisuwa, da fatan aiki da iyali lafiya.

Ni tsohon soja ne, a kofur na ajiye kaki. Yanzu gadi nake yi a wani kamfanin jima. Na yi ta zuwa ƙofarku, kullum sai a ce kuna taro, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Bayan Babbar Sallah yaranku suka zo Panshekara da hantsi, suka tafi da Ilu, mijin 'yata Binta, haɗe da buhunan da ke zaurensa. Aka ce mana bayanan sirri ne: wai wani ɗan Nijar yana tara farin abu a buhu, baƙi na shiga suna fita.

Na farko, duk gaskiya ne. Ilu mutumin Damagaram ne. Sana'arsa sayen fatar layya, kuma ɗanyar fata in ba a shafe ta da gishiri a yinin ba, gashinta zubewa yake, kamfani ba zai karɓa ba. Farin abun gishiri ne, baƙin kuma mahauta ne. Wanda ya kawo muku labarin bai yi ƙarya ba. Rabin da ba zai burge ku ba ne ya bari a gida.

Na biyu, na san irin wannan mutumin, don mun ci abinci kwano ɗaya. Da ƙuruciyata an kai mu wata ƙasa ta bakin teku. Mu muna cewa kiyaye zaman lafiya, mutanen ƙauyen kuwa abin da suka gani baƙi ne da bindiga sun tare a makarantar 'ya'yansu. Ba ma jin yarensu. Muna da tafinta, mutum mai fara'a, ana ba shi shinkafa da kifin gwangwani muddin yana kawo labari. Ranar da ya zo hannu rabbana, kyaftin ɗinmu ya haɗe rai. To, Yallaɓai, bai ƙara zuwa hannu rabbana ba.

Wata safiya ya ce 'yan tawaye sun taru a bayan rafi, har ganga suke bugawa. Muka yi rarrafe cikin laka muka kewaye wurin, sai ga mutane suna binne tsohuwarsu. Duk da haka aka kwashe mazan, don rahoto ya riga ya tafi sama, ba kuma wanda yake son ya buga waya ya ce jana'iza ce. Daga ranar, duk abin da muka tambayi mutanen garin sai su gyaɗa kai. Muka bar ƙasar ba mu san komai nata ba sai sauronta.

Ban ce ku baƙi ne a ƙasarku ba. Amma sojan da ya tare ni a ƙofarku ba ya jin Hausa, bai taɓa shiga majema ba. Duk abin da ya sani game da Panshekara wani ne ya faɗa masa.

Na uku shi ne ya hana ni zama. Fatun sun ruɓe, maƙwabta sun binne su, wannan ya wuce. Binta na da tsohon ciki, ta daina tambayata. Amma ta shingen barikinku na hango buhunan a fili, babu rumfa. An ce ana jiran masu gwaji su zo. Damina kuwa ta faɗi, ruwan shekaranjiya ya riga ya rage musu tsayi. Su kaɗai ne shaidar Ilu. Ran da suka zama buhu fanko, maganar mai labarin ce kawai za ta rage.

Roƙona kaɗan ne. Ku sa a shigar da buhunan ɗaki. Ku sa wani ya dangwala ya lasa, in kuma ana tsoro ni zan lasa a gabanku, na tsufa. Ku bincika me ake ba mai labarinku ranar da ya zo babu labari. Sannan ku sako Ilu ya yi wa ɗansa huɗuba.

Allah ya tsare ku da yaranku, ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya haɗa ku da mutumin da zai iya zuwa ya ce muku yau babu komai.

Ina wannan rubutu hadari na haɗuwa a gabas.

Wassalam.

Kofur Garba mai ritaya,
Panshekara.