Kyamarar da Ba Ta da Rasit

Litinin, 12 ga Satumba, 1960
Na sayi kyamara! Ni Ɗanladi, direban gidan likita a Nassarawa. A babban kantin Turawa na so saye, sun tsuga tsada, sai na koma rumfar Malam Inuwa mai maduban kwalliya a Sabon Gari. Ya ce a al'adarsa hoton farko na mai sayarwa ne. Ya gyara hula, na ɗauka. Yau bakina ya ƙi rufuwa.

Laraba, 14 ga Satumba
Matata Rabi ta kulle kyamarar cikin akwatinta. Da gaskiyarta, awakinta muka sayar. "Maigida, ba za ta shiga turmutsitsin bikin 'yancin kai ba sai an yi mata inshorar nan da likita ya faɗa." Mukullin yana ɗaure a bakin zaninta.

Juma'a, 16 ga Satumba
Ofishin inshora. Akawunsu Martin, mutumin Zariya, mai fara'a. Wai sai da rasit. Da a babban kanti na saya, da sun ba ni har da hatimi. Na koma wurin Inuwa, sai ya ɓata rai: "Mun tafa, na ce Allah ya sa albarka, kuma takarda kake nema? Ɓarawo ne ni?" Araha ba ta ado, wallahi. Ni da 'yan rumfa har abada.

Litinin, 19 ga Satumba
Ba labari. Na goge mota sau babu adadi don haushi.

Alhamis, 22 ga Satumba
Rabi ta yarda na cire fim na kai wanki. Ikon Allah! Ga Inuwa riƙe da kwalin kyamarar, ga ni kuma a babban madubin bayansa, ita a fuskata, kunnuwana kamar faifai. Na kai wa Martin hoton, ya yi dariya har da hawaye. Ya shiga wurin manajansu, ya fito ya ce in mai sayarwa zai zo ya dangwala yatsa a bayan hoton, sun karɓa.

Litinin, 26 ga Satumba
Mutumin da ya ƙi takarda, da ya ga hotonsa sai ya rufe rumfa, ya zuba babbar riga, ya biyo ni. Ya dangwala, ya tambayi Martin ko za a rataye hoton a bango. Rabi ta kwance mukulli tana guɗa.

Lahadi, 2 ga Oktoba
Jiya a bikin 'yancin kai na yi ta ɗauka har yatsa ya sage. 'Yan makaranta da tutoci, kuku Lawan yana rawa da ludayi. Fim ya ƙare tun azahar, sai ga Inuwa ya ratso taro yana haki, ya cusa mini sabo a aljihu: "Na san za ka yi ɓarna."

Gobe ina bukatar fitilar hoto. Babban kanti ya fi kusa da gida, amma hanyar Sabon Gari ta fi daɗin tuƙi, shi ke nan dalilin. Hoto ɗaya na wanko wa Inuwa babba, don bangon rumfa.