Dawar da Na Shayar

Zuwa ga ƙanena Malam Musbahu, a Garo.

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Murja da yara kuna lafiya, damina kuma ta yi albarka.

Karatun rayuwar tsirrai a nan Ibadan yana tafiya daidai. Gwiwata takan yi ƙorafi a matakalar ɗakin gwaje-gwaje, amma ban ba ta izinin magana ba. Kada ka ƙara zancen turo mota ta maido ni gida; wadda ta shugabanci makaranta shekara talatin ba ta gudun aji.

Sai dai ba zan zo Sallah ba. An ba mu shukar dawa a tukwane, aka ce mu hana ta ruwa kwana ashirin domin auna yadda take jure ƙishirwa. A rana ta tara na ga ta yi yaushi, na kasa daurewa, na juye mata ruwan butata. Malaminmu, sa'an jikana, ya ce, "Hajiya, kin ceci dawa, kin kashe gwaji." Dole in sake, ko in faɗi.

Ka aiko mini da irin kaura daga rumbunmu. Wannan karon a bakin ƙofa zan riƙa barin butar.

Allah Ya yi muku albarka.

Yayarka,
Hajiya Marka